Dutsen Birai na Janabu

Sana'ata walda ce. A shekarun da nake ba da labarinsu ina da 'yar rumfa ta kwano a unguwar Alhilla Kuku, tsallaken kogin Nilu daga birnin Umdurman, da injin walda guda mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ƙofofi nake ƙerawa da tagogi da gadaje. Duk wanda ya zo wurina abu ɗaya yake nema, ƙarfen da ɓarawo zai gani ya sake shawara. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya yin abu don kyau kawai, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Wanda ya jawo ni cikin harkar birai surukina ne, mahaifin matata. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya tsaya a Jazira, yankin manyan gonaki na bakin Nilu, don ya ɗan tsinci auduga ya ƙara guzuri, tsintar da ba ta ƙare ba har ya koma ga Allah. Shi kuwa surukin nawa tun yana saurayi ya shiga aiki a babban gidan dabbobin da ke bakin Nilu, yana shara yana ba da abinci, har gemunsa ya yi fari. Da aka rufe wurin aka watsa dabbobin don a gina otal, sai ya dawo gida ya zauna a ƙofa, yana tare awakin maƙwabta yana buɗe musu baki, yana gaya wa masu su cewa ba su iya kiwo ba. Unguwa ta gaji da shi.

Sai Allah ya kawo wani kanar mai ritaya da ya samu fili can yammacin Umdurman, gaba da Kasuwar Libiya, ya ce zai buɗe lambun shaƙatawa na iyali, da lilo da wurin shan sanyi da 'yan dabbobi. Kowa Janabu yake ce masa, yadda ake kiran hafsoshi. Ya sayi jiminu biyu, da wani kunkuru da ya girme mu duka, da gwaggon birai bakwai. Aka ce masa akwai wani tsoho Bahaushe da ya san kan dabba, ya aika aka kira shi. Tsohon kuma ya ce yana da maƙeri a gida.

Ranar farko mota uku muka shiga kafin mu isa. Ni ina baya, shi yana gaba, ba mu yi magana ba tun daga Kuku har muka haye gada. Haka zamanmu yake. Ina ce masa Baba, idona a ƙasa. Shi kuma yana ce mini Usta, wato gwanin sana'a, amma yadda yake jan kalmar, sai ka rantse zagi ne.

Mun sami Janabu a ƙarƙashin rumfa, da farar jallabiya da sanda, da wata yarinya mai tabarau tana shimfiɗa manyan takardu a kan teburi. 'Yar ƙanwarsa ce, ta gama karatun zanen gini, Bashmuhandisa ake ce mata, wato babbar injiniya. Ta ɗora kofunan shayi a kusurwoyin takardar don kada iska ta kwashe, ta fara bayani da Larabci.

Ba keji za a yi ba, in ji ta. Dutse za a gina da siminti, irin duwatsun garin Kasala inda birai suke zama da kansu, ruwa yana gangarowa daga ƙoƙuwarsa. A kewaye shi da faffaɗan rami cike da ruwa, sannan gajeren shinge na ƙarfe mai furanni da rassa, wanda yaro zai iya leƙawa ta samansa. Ta ce tana ƙarama an kai ta tsohon gidan dabbobi, ta ga zaki a ɗakin da bai fi banɗaki ba, yana kai da kawowa har ƙafarsa ta haƙa hanya a siminti. Ta yi kuka har gida. Ta ce ita ba za ta zana kurkuku ba, ƙasar tana da isassu.

Janabu ya yi gyaran murya a kan wannan jimla ta ƙarshe, kowa ya duba wani wuri.

Baba ya daɗe yana kallon zanen. Ya san zakin, shi ne yake share masa ɗaki. Ya ce, "Gaskiyarki, 'yata, ɗakin nan zalunci ne." Sannan ya ɗora yatsa a kan takardar. "To ni ta ina zan shiga?"

Ta nuna masa wata 'yar gada a baya.

"In na shiga, su suna ina?"

Ta nuna wani ƙaramin ɗaki a bayan dutsen, inda za a kulle su lokacin shara.

"Madalla. Kashinsu ta ina zai fita? Da azahar ina za su zauna? In wuta ta ɗauke, wa zai cika ramin?"

Ta amsa ɗaya, ta ɗauki fensir za ta rubuta sauran biyun. Janabu ya ɗora sandarsa a kan takardar. Ya ce shi ya yi shekaru yana tsara sansanin dakaru a Kudu, ba za a koya masa zaman birai bakwai ba. Ɗakin baya kuma a cire shi, yana kama da shago, zai ɓata hoto. Ramin a rage faɗinsa, domin ana buƙatar wurin jera kujeru. Dutsen a shafa masa baƙin fenti mai ƙyalli, ya fi kwarjini. A gama kafin wata biyu, akwai babban baƙo da ya yi alkawarin zuwa buɗewa.

Bashmuhandisa ta ce, "Amma Kawu..."

Ya ce, "Halas." Shi ke nan, an gama.

Ni ban ji komai daga wannan gardama ba, domin idona yana kan shingen. Furanni! Ganye mai lanƙwasa, reshe yana hawa kan reshe, tsuntsu a kowace kusurwa. Na ɗauki takardar na kai gida kamar wanda aka ba laya. Sati biyar ina dukan ƙarfe. Na ƙi karɓar aikin ƙofa, na kori wani mai son gado. Har yau ban yi aikin da ya kai shi ba. Mata masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya su taɓa furen su ce kamar a shinshina. Matata ta ce tun da ta aure ni ban taɓa kallonta yadda nake kallon wannan ƙarfe ba.

Ranar da muka kafa shi a bakin ramin, Janabu ya zagaya sau biyu yana cewa tamam, tamam, wato ya yi daidai. Bashmuhandisa ta ce hannuna ya fi zanenta. Na juya wajen Baba ina jira. Ya kama reshe ɗaya ya girgiza, ya ɗora ƙafa a kan fure, ya ɗora ɗayar a kan na sama, tsoho da shi sai ga shi a ƙoli.

Ya sauko ya karkaɗe hannu. Da Hausa ya yi maganar, don ni kaɗai in ji. "Usta, ka ƙera tsani mai kyau."

Ba a musu da suruki. Amma a zuciyata na ce tsufa ne da hassada.

Aka saki biran a kan dutsen da hantsi. Na minti goma abin ya yi kyau ƙwarai. Suka hau suka sauka, ƙananan suna tsalle a cikin ruwan da ke gangarowa, babban namijin ya zauna a ƙoli yana duban Umdurman kamar shi ya ci ta da yaƙi. Janabu ya kusa hawaye. Sai rana ta ɗaga. Wanda ya san ranar Umdurman ya san abin da take yi wa baƙin siminti. Babban ya ɗaga ɗuwawu ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayan. Dama can ja ne, ba a gane ƙuna da ido. Ya yi wata ƙara ya gangara baya, sauran suka bi shi. A bayan dutsen akwai wata siririyar inuwa da ba ta fi faɗin tabarma ba. Nan su bakwai suka cunkushe, daga hantsi har la'asar, inda babu mai ganinsu sai katanga.

Haka kullum. Wanda ya zo kallo, dutse zai kalla. Na ga Janabu da idona ya tsaya a bakin shinge yana buga sanda, yana daka musu tsawa su fito gaba. Ya saba in ya yi magana mutum ɗari su ƙame. Wani ƙaramin biri ya leƙo, ya dube shi, ya sosa ciki, ya koma.

Shara kuma ta zama yaƙi. Babu ɗakin da za a kulle su, babu magudana. A kwana huɗu bayan dutsen ya fara aiko da saƙo har wurin shan sanyi. Baba ya haye 'yar gadar da tsintsiya da bokiti, babban namijin ya tare shi ya nuna masa haƙora masu tsawon yatsa, ya yage masa hannun riga. Tsohon ya dawo da baya da baya yana yi masa magana a hankali kamar mai lallashin mahaukaci.

Da yamma ya tsaya a ƙofar rumfata, abin da bai taɓa yi ba. Bai shigo ba. Ya ce, "Usta, kana da tayoyin baro?"

Abin da ya sa na ƙera masa keji ne mai tayoyi huɗu, babu ƙasa, tsayinsa daidai tsayin mutum, da 'yar taga a gindi ta zura tsintsiya. Ya shiga ciki, na rufe, ya riƙa turawa yana tafiya. Kowace safiya haka yake haye gadar: surukina a cikin keji, birai a waje sun kewaye shi suna leƙe, wani ya hau sama yana miƙo hannu yana neman hularsa. Magina suka ajiye aiki suna kallo. Mai shayin bakin ƙofa ta ce ai wannan ya fi dutsen, shi ya kamata a sayar wa tikiti. Ni ne mai rufe shi, ni ne mai buɗe shi. Ban taɓa yin dariya a gabansa ba, amma na sha zagayawa bayan tankin ruwa in riƙe ciki. Da na ba matata labari ta ce in na sake ta ji a bakin wani, in nemi inda zan riƙa cin tuwo.

Ana jibi buɗewa, Janabu ya kawo dabarar soja. Ya ce tunda biran sun ƙi fitowa gaba, a hana su abinci kwana guda. In baƙo ya iso a jefa ayaba ta gaba, dole su fito.

Baba ya ce, "Janabu, za su fito. Komawar ce ban sani ba."

Janabu ya ce, "Ya Hajj, kai dai riƙe tsintsiyarka."

Ranar buɗewa tun asuba babu wuta a unguwar. Injin ruwa ya tsaya, gangaren ruwan ya bushe. Ramin kuma dama yana yoyo ta wani tsagi da aka rufe da fenti, da hantsi ruwan ya sauka har bai kai idon sawu ba, kwaɗi suna zaune a ciki da kai a waje. Bashmuhandisa ta gani, ta je ta raɗa wa kawunta. Ya ce ba yanzu ba.

An kafa rumfa, an jera kujeru masu jan ƙyalle daidai inda aka rage faɗin ramin. A kan dogon teburi an tara mangwaro da gwaba da ayaba da kankana, da farantan zaƙi. Aka yanka rago. Baƙon ya iso da motoci da sojoji biyu, mutum mai tumbi da sanda mai kan azurfa. A wancan zamani ba a buɗe ko famfon unguwa sai an yi kabbara an ɗaga yatsa sama an ɗan taka rawa. Aka yi. Ya karɓi lasifika mai batir ya fara bayani a kan yadda ƙasa ta tsaya da ƙafarta, muna cin abin da muka noma, har dabbobinmu suna zaune cikin 'yanci babu shinge tsakaninsu da jama'a.

Janabu ya yi alama, aka jefa ayaba uku.

Babban namijin ya zagayo gaba. Ya dubi ayaba uku a ƙasa. Ya ɗaga kai ya dubi teburi. Na ga lissafin yana gudana a fuskarsa. Ya sauka cikin ramin yana ɗaga ƙafa kamar Alhaji mai tsoron jiƙa wando, ya iso gindin shingena, ya kama reshe, ya taka fure, ya taka na sama. Daidai inda Baba ya taka. Sauran shida suka biyo shi a jere.

Ban san mata masu lulluɓi suna iya gudu haka ba. Kujeru suka kife. Mai ganga ya jefar da ganga. Baƙon bai ga abin da ke bayansa ba, ya ɗauka jawabinsa ne ya motsa jama'a, ya ƙara ɗaga murya, sai da wata macen biri da ɗa a bayanta ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya haye teburi. Babban namijin shi ma teburin yake so. Suka dubi juna, baƙon ya sauka, ya bar masa sandar. Birin ya zauna tsakiyar mangwaro, ya ciji kan azurfar, ya ga ba ta da daɗi, ya jefa ta cikin ramin kwaɗi.

Ɗaya daga cikin sojojin ya ɗana bindiga. A nan ne na ji muryar Baba irin wadda ban taɓa ji ba. "Sauke, ya walad, kai yaro! Akwai yara a bayansa!" Sojan ya sauke kafin ya tuna cewa mai shara ne ya ba shi umarni.

Tsohon ya ɗauko tsohon bokitinsa na abinci, ya zuba gyaɗa, ya riƙa dukan gefensa da cokali yana wani irin kira a maƙogwaro. Ya bi ta tsakiyarsu a hankali, bai dubi kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka bar teburin suka bi shi, kumatu cike. Dutsen ba shi da amfani, tunda sun san hanya. Ya wuce da su kai tsaye ɗakin sayar da tikiti, wanda na sa wa tagogi irin nawa na kullum, munana masu kauri. Ya watsa gyaɗar ciki, suka shiga, ya ja ƙofa. Shida. Babban ya haye katanga da kankana a hammata ya shiga unguwa.

Bayan motocin sun tafi Janabu ya sa aka kira ni. A lokacin mutum yakan ɓace a kan abin da bai kai wannan ba. Ya nuna shingen da sandarsa, ya ce furannina ne suka kunyata shi a gaban gwamnati, wa ya aiko ni?

Baba ne ya matso, rigarsa duk ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Janabu, abin da aka zana masa ya ƙera, kuma ya ƙera shi da kyau. Wanda ya cire ɗaki, ya rage rami, ya sa biri azumi ba da niyyarsa ba, shi za a tambaya."

Bashmuhandisa ta ce, "Kawu, gaskiya ya faɗa. Ni ma da laifina." Janabu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk mu tafi kotun soja, ya shiga mota. Bai dawo ba sai bayan kwana tara, kuma da ya dawo bai sake tayar da maganar ba, sai ya kama faɗa da mai ba jiminu ruwa.

Babban namijin kwana uku ya yi yana mulkin unguwa. A ƙarshe aka same shi a kan rufin wani gidan burodi, masu gidan sun gaji da biyan haraji. Baba ya je da bokitinsa, aka dawo da shi a cikin kejin nan mai taya, an ɗaura masa ƙasa da katako, yara suna biye suna waƙa.

A cikin kwanakin da Janabu ba ya nan, Bashmuhandisa ta zo har Kuku a raksha, babur mai ƙafa uku, da takardunta. Ta zauna a kan tabarma a tsakar gidan Baba, ta kira shi Ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu, gaya mini yinin biri tun daga safe." Ya gaya mata. Inda suke son zama in sun ƙoshi, yadda ƙanana ke buƙatar wurin ɓuya in babba ya fusata, tsayin da suke iya tsallakewa, abin da yatsunsu ke iya kwancewa. Ya so a rushe dutsen a yi keji mai faɗi a huta. Ta ƙi. Ta ce mutanen da suka shiga mota uku da 'ya'yansu ba su zo kallon waya ba, kuma birin ma ya fi son dutse. Suka yi ta ja har shayi ya huce sau biyu. Ni ina gefe, in an zo kan ƙarfe a tambaye ni.

Dutsen ya tsaya, amma an fafe shi. Aka yi koguna uku masu fuskantar jama'a, yadda mai neman inuwa dole ya zauna inda za a gan shi. Ɗakin kullewa ya koma cikin cikin dutsen, ba ya fita a hoto, da ƙofar da ake ja da igiya daga waje. Aka kankare baƙin fentin aka shafa ruwan ƙasa. Aka zurfafa ramin aka bar shi busasshe, bangonsa a miƙe, na bi samansa da fallen ƙarfe mai santsi wanda ko ƙadangare ba ya kamawa. Aka fasa magudana a gefe. Furannina aka cire aka kai su ƙofar wurin shan sanyi. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba, na yi kwana biyu ba na son bi ta wajen.

Sati shida biran suka yi a ɗakin tikiti, mai sayar da tikitin yana zaune a waje da teburi. Ranar da aka mayar da su, shida suka rarrabu cikin kogunan kamar sun biya haya. Bashmuhandisa ta yi wa babban namijin kogo na musamman a sama, mafi faɗi, da ɗan dandamali a gaba don a gan shi sosai. Ya hau, ya leƙa, ya shinshina, ya sauko. Ya tafi can gefe ya zauna a bakin magudanar, ya juya wa jama'a baya.

Ta jira kwana uku ko zai sake ra'ayi. Bai sake ba. Ta tambayi Baba dalili.

Ya ce, "Iska tana bi ta nan. Je ki sa hannu ki ji."

Ta tattare lulluɓinta, ta tsuguna ta wajen katanga inda magudanar ta fito, ta sa hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta tambaye ni ko zan iya huda bayan kogon na sama, in sa masa raga mai kauri, kafin Juma'a. Na ce sai na ga kaurin simintin, na tafi ɗauko guduma.